Yadda fayif da injin famfo suka zama madogarar murjani yayin da teku ke ɗumama

A ranar 24 ga Yulin 2023, na'urar auna zafi da ke mashigin Manatee a kudancin jihar Florida ta Amurka ta nuna cewa ruwan wurin ya kai digiri 38.4 a ma'aunin Selshiyos. Mashigin ba shi da zurfi, amma zafin ya game duk yankin. Ƙungiyoyin da ke rainon murjani a cikin teku suka duƙufa kwashe abin da suka dasa zuwa tudu. Cibiyar bincike ta Keys Marine Laboratory kaɗai ta karɓi sama da 5,000, ta ajiye su a tankuna har ruwan teku ya huce. A tsawon waɗannan watanni rayuwarsu ta rataya ne a kan fayif, injin famfo da wutar lantarki.

Me ya sa murjani ke buƙatar ruwa mai motsi?

Bahaushe ya san murjani a matsayin jan dutsen ado na mata. Asalinsa dabba ce ta teku. Danginsa da ke gina tuddai a ruwa mai ɗumi ƙananan halittu ne da ke zama jingim a kan ƙashin farar ƙasa da suka gina da kansu, kuma a cikin jikinsu akwai wata irin gansakuka da ke samar musu da mafi yawan abinci daga hasken rana. Idan zafi ya yi yawa sai su kori gansakukar, su koɗe su yi fari, in abin ya daɗe su mutu.

Murjani ba ya tashi daga inda ya kafu. Ruwa ne ke kawo masa abinci da iskar oksijin, ruwa ne kuma ke ɗauke masa dattinsa. Idan ruwan ya tsaya, wani siririn sashe da ke manne da jikinsa yakan cika da datti, iskar da ke ciki ta ƙare. Wani bincike da Takashi Nakamura da Robert van Woesik suka wallafa a 2001, bayan koɗewar da aka yi a Okinawa ta Japan a 1998, ya nuna cewa murjanin da ke cikin ruwa mai gudu ya fi jure zafi a kan wanda ke cikin ruwa mai sanyin tafiya.

Zagaye biyu a tanki ɗaya

Masu gina irin wannan tanki kan raba aikin ruwa gida biyu. Na farko shi ne zagayen tacewa. Ruwa yana malala daga saman tankin zuwa wani akwati, ya gangara ta fayif zuwa wani tankin da ke ƙasa. A can ake ajiye matata, da na'urar da ke fitar da datti ta hanyar kumfa, da na'urorin daidaita zafi. Daga nan injin famfo ya mayar da shi sama.

Na biyu shi ne motsin cikin tankin kansa, wanda ƙananan injina masu farfela ke yi, ko kuma wani rufaffen layin fayif da ke zuƙar ruwa daga tankin ya mayar da shi ta baki da yawa. Ba a son ruwan ya riƙa bugun wuri ɗaya, domin yana iya saɓule naman murjani. Ana son ya riƙa kai da komo kamar igiyar teku. Babban tankin Reef HQ da aka buɗe a Townsville ta Ostireliya a 1987, mai cin lita miliyan 2.5, da injin tayar da igiyar ruwa aka gina shi saboda wannan dalili.

Misali zai fayyace girman aikin. Tanki mai tsawon mita 3, faɗin mita 1 da zurfin santimita 70 yana cin lita 2,100, wato nauyin ruwan kawai ya haura tan biyu. A ƙa'idar da masu sana'ar suka saba bi, ruwan kan bi ta matata kamar sau biyar a awa, lita 10,500 ke nan. Motsin ciki kuwa, ga murjani mai rassa, yakan kai sau 30 ko fiye, wato lita 63,000 a awa. Wanda ya ɗora wa injin famfo ɗaya duka ayyukan biyu zai cika fayif ɗin gangara fiye da ƙarfinsa, kuma ranar da injin ya lalace komai ya tsaya lokaci guda.

Zaɓen fayif

Jan ƙarfe guba ne ga murjani ko da kaɗan ne, ruwan gishiri kuma yana cin yawancin ƙarafa. Don haka fayif ɗin roba na PVC ake amfani da shi. Faɗinsa ma abin lura ne: idan aka rage faɗin fayif da rabi, aka nemi tura ruwa daidai da na da, turjiyar da ruwan ke fuskanta takan ninka kusan sau 30. Kowace gwiwa da aka saka da kowace mita da ruwa zai hau suna rage abin da ke isa sama, shi ya sa adadin da aka rubuta a jikin kwalin injin ba shi ake samu a tanki ba.

Fayif ɗin gangara ya fi na hawa haɗari, domin nauyin ruwa kaɗai ke tafiyar da shi. Dodon koɗi guda ko curin gansakuka na iya toshe shi, injin kuma ba zai fasa turo ruwa ba har sai ya zube a ƙasa. Saboda haka ake saka uku: babba mai ɗaukar yawancin ruwan, na biyu mai ɗaukar ragowar, na uku kuma a bar shi a bushe domin ranar tsautsayi. Ana kuma sanya bawul da mahaɗi mai warwaruwa a gaba da bayan kowane inji, yadda za a cire shi a gyara ba tare da an kwashe ruwan tankin ba.

Idan aka ɗauke wuta fa?

Wannan ita ce tambayar da ake fara zane da ita. Da zarar injin ya tsaya, fayif ɗin da ke kai ruwa sama yakan juya ya koma zuƙo shi ƙasa, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo. A tankin misalin nan, saukar ruwa da santimita 5 kacal na nufin lita 150 za su kwararo. Dole tankin ƙasa ya kasance da sararin da zai karɓe su. Bawul mai hana ruwa komawa baya ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, domin ƙananan halittun teku kan tsiro a cikinsa su hana shi rufuwa. Abin da ya fi tabbas shi ne a sa bakin fayif ɗin kusa da saman ruwa, yadda zai shaƙi iska zuƙar ta yanke.

Hatsari na biyu shi ne ƙarewar oksijin. Murjani na iya jure 'yan kwanaki babu haske, amma a tankin da ya cika da halittu, awanni kaɗan na tsayawar ruwa sun isa su fara kisa. Shi ya sa ake fara haɗa injinan motsa ruwa da batir da janareta kafin fitilu.

Iyakar abin da tanki zai iya

Tuddan murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku na dogara da su. A Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta sanar da koɗewar murjani ta duniya karo na huɗu. Tun a 2018 kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi hasashen asarar kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na waɗannan tuddai idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5, da sama da kashi 99 idan ta kai digiri 2.

Tankuna sun fara taka rawar rumbun iri. A 2019 Florida Aquarium ta yi nasarar sa wani nau'in murjanin Atlantika da ke dab da ƙarewa ya hayayyafa a tanki. Sai dai aikin na cin kuɗi da wuta dare da rana, kuma gini na tsufa: Reef HQ, wanda hukumar gwamnatin Ostireliya ke gudanarwa, an rufe shi a 2021 domin gyara. Ƙasashe masu tasowa da ke da tuddan murjani, irin su Sudan, Kenya da Tanzaniya, da wuya su iya ɗaukar nauyin irin wannan ceto a kan sikeli mai faɗi. Murjanin da aka adana a tudu zai yi amfani ne idan ruwan da za a mayar da shi bai wuce zafin da zai iya jurewa ba, kuma wannan ya danganta ne ga yawan hayaƙin da ƙasashen duniya suka amince su rage.