Koton Gashin Zakara da Lafiyar Gulbin Rima

Duk wanda ya bi hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo da sassafe, in ya kai gadar Kwalkwalawa zai ga masunta a bakin gulbin Rima, wani da birgi, wani da homa, yara kuma da fatsa. Mu da muka tashi a Sakkwato mun san koton da ake sa wa ƙugiya: tana, ko fara, ko shinge in damina ta faɗi.

A ƙasashen Turai kuwa akwai masu fatsa da ba ruwansu da haƙar tana. Sukan naɗa gashin zakara da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaron da ke sauka bisa ruwa. Dabarar daɗaɗɗiya ce, gama wajen shekara ta 200 wani marubucin Roma, Aelian, ya ba da labarin mutanen Makidoniya masu ɗaura jan ulu da gashin zakara a ƙugiya. Kifin da aka fi nema da ita shi ne tirawut, mai son ruwan sanyi. Ba ya iya zama a ruwanmu mai ɗumi, amma a kogin Faro na Kamaru ana kama giwan ruwa da tsage da irin wannan koto.

'Yan'uwa, abin lura shi ne, mai naɗa koton nan dole ya san ƙwarin kogi da lokacin fitowarsu. Saboda haka yana kishin ruwan, domin ya sani in ƙwari suka mutu, kifi ma ya tafi. Da yawansu sukan mai da abin da suka kama cikin ruwa da ransa.

Mu ma muna da irin wannan hikima. A Argungu akan hana su a Matan Fada har ranar biki, kifi ya samu girma. Amma ga shi wasu na zuba gamalin a ruwa don samun sauƙi. Gubar ba ta zaɓe: tana kashe babba da ƙarami da ƙwarin da suke ci, sa'an nan kifin ya bi ta kasuwa ya shigo tukunyarmu. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana yin su da guba. Ga kuma madatsun Bakolori da Goronyo sun rage ambaliyar da ke shiga fadama, inda kifi ke zuba ƙwai.

To, me za mu yi? Mu daina sayen 'yan mitsi-mitsin kifin da ba su kai kamu ba. Mu kwaɓi 'ya'yanmu kada su yi su da gidan sauro. In mun ga ana zuba guba, mu sanar da sarkin ruwa. Tarwaɗar da muka bari ta yi ƙwai bana, ita ce miyar yaranmu baɗi.