Man Girki da Ƙiba: Jan Hankali ga Mazauna Kurudu

Lafiya uwar jiki. A da mutanenmu sukan ɗauki ƙiba alamar wadata ce, amma likitoci sun tabbatar cewa teɓa ita ce ƙofar ciwon sukari, da hawan jini, da taruwar kitse a hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da ƙiba. Ma'aikacin da ke barin Kurudu da sassafe, ya yini zaune a mota da ofis, ya dawo ya ci soye-soye, lalle ya yi hattara.

Mai Iri-iri Ne

Akwai waɗansu sinadaran mai guda 2 waɗanda jiki ba ya iya yin su da kansa, sai an ci su a abinci. Na farko shi ne omega-6, wanda ke cikin man gyaɗa da riɗi. Na biyu omega-3, ana samunsa a kifi mai maiƙo, kamar titus, da shawa, da sadin na gwangwani, da ɗan kaɗan a man waken soya. Omega-3 yana rage wani irin kitse da ke yawo cikin jini, wanda yakan hauhawa ga mai ƙiba. Omega-6 kuwa yana rage kwalastarol idan an sa shi a madadin kitsen nama da man shanu.

To amma fa mai mai ne. Kowane giram ɗaya yana ba jiki kalori 9, fiye da ninkin abin da sukari ke bayarwa. Ƙwayar man kifi ba ta narkar da teɓa, ba ta kuma warkar da ciwon sukari.

Abin da Ya Kamata a Yi

1. A ci kifi sau 2 a mako, gasasshe ko dafaffe, ba soyayye ba.
2. Uwargida ta riƙa auna mai da cokali, kada ta tuttula.
3. A daina maimaita suya da tsohon mai.
4. Namijin da ƙugunsa ya wuce santimita 102, ko mace 88, su je Babban Asibitin Karu ko na Nyanya a auna musu jini da sukari.
5. Mai shan maganin tsinka jini kada ya sha ƙwayar man kifi sai da iznin likita.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Rigakafi ya fi magani.