Fim ɗin da aka yi da haruffa zalla, wanda ba ya cinye data

A Birnin Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela ta jihar Tahoua, duk wanda ya taɓa buɗe bidiyo a waya ya san zaman jiran da'irar nan mai juyawa, alhali data na ta zurarewa. Sai dai akwai wani kallo da wannan matsala ba ta cika damunsa ba, domin babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Haruffa ne da lambobi da alamomin rubutu ake jerawa har su ba da siffar mutum ko jirgi, kuma su yi motsi.

Ana kallonsa ne a baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, wanda mutane da yawa ke gudu saboda suna ɗauka na masu kutse ne.

Wanda ya fi shahara shi ne Star Wars, fim ɗin Amurka na 1977. A 1997 wani ɗan New Zealand, Simon Jansen, ya fara sake zana shi da haruffa, fage bayan fage, kuma har yau bai kai ƙarshe ba. Kowane zane faɗinsa harafi 67 ne, tsayinsa layi 13, wato bai cika kilobayit ɗaya ba. Hoto guda da wayar zamani ke ɗauka ya ninka shi sau dubbai.

Ana rubuta telnet towel.blinkenlights.nl, sai wata kwamfuta a Holan ta fara turo fim ɗin, ko da yake wani lokaci takan yi shiru. A Windows sai an kunna Telnet tukuna, don a kashe yake zuwa. Mai wayar Android kuwa manhajar Termux za ta ba shi irin wannan allo. Idan ya rubuta curl parrot.live, aku ne zai fito yana rawa.

Akwai ma na tsokana. A Linux, umarnin ls ne ke nuna fayiloli. Wani ɗan Japan, Toyoda Masashi, ya ƙirƙiri sl domin masu gaggawa: wanda ya girka shi, ya juya haruffan bisa kuskure, sai jirgin ƙasa ya ratsa masa allo yana hayaƙi. Ƙonni dai ba ta da layin dogo, amma wannan jirgin yana iya bi ta cikinta.

Wasa ne, amma a wannan allo ɗin ne ma'aikatan kamfanonin sadarwa da bankuna ke sarrafa manyan kwamfutoci, kuma matashin da ya saba da shi ya rage wa kansa hanya.

Abin da zai ci karo da shi shi ne harshensa. Tsarin ASCII da ake zanen da shi, wanda ya fito a Amurka a 1963, alamomi 95 ne kawai ke bayyana a cikinsa, kuma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Mai son rubuta Ƙonni daidai a zanensa sai ya koma tsarin Unicode.