Makanikin Babur a Gwarzo: Inda Gwaninta Take Fitowa

A ƙasar Gwarzo da Kabo, babur shi ne ƙafar jama'a. Shi ke sauko da buhun masara daga ƙauyukan Getso da Lakwaya zuwa bakin titin Kano zuwa Dayi, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, shi ke kai malamin makaranta Garo ko Durun da sassafe. A shekarar 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni, amma a karkara sana'ar ta ci gaba, domin akwai hanyoyin da in ba babur ba, ba abin da ke binsu da damina. Ashe kuwa makanikin da ke zaune a rumfar kwano a bakin titi, da sifanoninsa da baƙin hannunsa, yana riƙe da abincin gidaje masu yawa.

Gyaran birki, ɗaure sarƙa da wanke filogi, yaron da ya yi 'yan watanni a gareji zai iya. Aikin da ake gane maigida da shi shi ne buɗe inji. Ƙurar hunturu da ke ratsa matatar iska, jinkirin juye baƙin mai, da lodin da ya wuce kima, su ke cinye ringi da bangon silinda. Sai mai babur ya zo yana cewa, "Oga, abin nan yana shan baƙin mai, ga hayaƙi, kuma ba ya jan tudu." Maigida ya taka kik a hankali, ya ji injin ba matsi, ya duba salansa ya ga hayaƙin yana da shuɗi-shuɗi. Ya san lokacin ringi ya yi.

Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, wanda ya cika hanyoyinmu, fistinsa ƙarami ne, faɗinsa kusan santimita biyar. Ringi uku ke kansa: biyu na sama suna riƙe matsi, na ƙasa yana share mai daga bangon silinda. In silindar ta ci sosai, sai a kai ta borin a faɗaɗa raminta, a sayo fistin da ya ɗara na asali da 0.25 ko 0.50 na milimita. Kafin a ɗaura ringi, makanikin kirki yana saka kowanne shi kaɗai cikin silinda ya duba tazarar bakinsa. Ya tabbatar gefen da ke da alama ya kalli sama, sannan ya rarraba bakunan don kada su jeru wuri ɗaya matsi ya riƙa zurarewa.

Daga nan sai mataki mafi haɗari: shigar da fistin cikin silinda. Ringi a buɗe yake, ya fi ramin faɗi, dole a matse shi kafin ya shiga, ga shi da saurin karyewa. Yawancin makanikanmu da yatsa da farce suke yi, suna dogara da ɗan gangaren da ke gindin silinda, suna lallaɓa ringi ɗaya bayan ɗaya. Gwani yana yinsa lafiya. Amma yaro mai koyo, in ringi ya ƙi shiga, sai ya ɗauko sukudireba ya danna, ko ya bubbuga silinda daga sama. Ringin da ya tsage a ciki ba ya nuna kansa ranar. Sai bayan kwanaki ya karce silinda, aikin ya dawo sabo.

Saboda haka abin matse ringi ya cancanci wuri a akwatin kowane gareji, amma sai an san wanda za a saya. Wanda aka fi gani a kasuwa na mota ne: faffaɗan ƙarfe mai naɗewa da ake ɗaurewa da makulli. A mota daga sama ake tura fistin, sai abin ya zare da kansa. A babur kuwa fistin yana ɗaure a jikin inji, silinda ce ake saukowa da ita a kansa. Abin matsewar da ba ya buɗewa gefe zai maƙale a ƙarƙashin silinda, ba hanyar fitar da shi. Don haka na babur sai ya kasance siririn zobe mai buɗewa, wanda ake riƙewa da filaya ko ɗan sukuru, girmansa daidai da fistin, cikinsa sumul ba kaifi, kuma gajere yadda zai sami wuri tsakanin dogayen kusoshin inji. A shafa masa mai, a matse shi daidai yadda zai zame ƙasa in silinda ta tura shi. Wasu kan yanko gwangwani su ɗaure da kilif ɗin tiyo. Dabara ce mai aiki in an goge bakin gwangwanin sosai. Wanda ya sayi mai lanƙwashewa don sauƙin kuɗi, ya tuna araha ba ta ado.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kayan gyaran da ake sarowa daga Kano suka yi tsada. Ɗan acaɓan da ya kawo babur a canza masa ringi, sau da yawa bashi ya ciwo, ko kuɗin balas ɗin mai babur ya taɓa. Karya masa ringi ɗaya na nufin kwana biyu ba aiki, gida ba cefane.

Ya kamata iyayen gida a garejojin Gwarzo da Kabo su koya wa yaransu duka biyun: hannun da ke jin lokacin da ringi ya zauna, da kayan aikin da ke kare su daga kuskure kafin hannun ya ƙware. Su kuma masu babur, in an gama aiki, su bi injin a hankali, su rage lodi da gudu a kwanakin farko, su juye baƙin mai da wuri. Amanar inji tsakanin mutum biyu take, mai gyara da mai hawa.