Ba Kowane Kumburin Ciki Ne Juna Biyu Ba

A ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, daga Illo da Lolo har Ka'oje da Tsamiya ta bakin iyakar Jamhuriyar Benin, in cikin mace ya ɗaga ya wuce wata tara ba haihuwa, sau da yawa akan ce kwantaccen ciki ne, a shiga neman saiwa. Alhali kuwa wani lokaci ƙari ne ya tsiro a gidan ƙwai, watau 'yan gaɓoɓin nan biyu da ke gefen mahaifa, inda ƙwan haihuwa ke fitowa.

Wannan ruɗani ba a kanmu aka fara shi ba. A shekarar 1809, a Jihar Kentaki ta Amurka, an zaci wata mata Jane Crawford juna biyu gare ta, sai Likita Ephraim McDowell ya gane ƙari ne, ya yi mata aiki ya fitar da shi, nauyinsa wajen kilo 10. Ta ƙara shekara fiye da 30 a duniya.

Ƙarin iri biyu ne. Mafi yawansa, musamman ga mata masu ƙuruciya, mai sauƙi ne: 'yar jakar ruwa wadda kan baje da kanta cikin wata biyu ko uku. Akwai kuma wadda akan sami gashi ko haƙori a cikinta, jama'a su ce jifa ne, alhali halittar jiki ce kawai, ana cire ta a warke. Amma in jakar ta murɗe, ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya tare da amai, to a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Iri na biyu shi ne ciwon daji, wanda ya fi kama matan da suka daina haila. A shekarar 2022 ya kama mata fiye da 320,000 a duniya, ya kashe fiye da 200,000. Dalili kuwa, alamunsa na sanɗa ne: kumburin ciki, saurin ƙoshi, yawan fitsari, rama.

Likita kan fara da gwajin juna biyu da hoton ciki. Jaka mai ruwa zalla akan zuba mata ido. Mai tsoka a ciki, ko wadda ta tara ruwa a kogon ciki, ita ce abin tuhuma. Gwajin jinin nan CA-125 yana taimakawa, amma ba ya yanke hukunci, domin tarin fuka na ciki ma kan ɗaga shi. Tabbaci sai an ciro ƙarin an duba shi a ɗakin bincike. In mai sauƙi ne, akan bar wa mace mahaifarta ta ci gaba da haihuwa. In daji ne, sai babban aiki da magungunan ƙarin ruwa, galibi zagaye shida, a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Wadda aka yi wa aiki a tsallaken iyaka, ko a Malanbil ko a Faraku, ta riƙe takardunta na Faransanci, ta nemi sakamakon abin da aka ciro, don kada likitan gida ya yi lalube cikin duhu.

Ma'aikata da ɗalibai, ku ne idon ƙauyukanku. In kumburin cikin uwa ko ƙanwa ya wuce mako uku, a kai ta a ɗauki hoto. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.