Raba ko sata: Yadda kuɗin gasar talabijin ke tona halin mutane

Fam 13,600 ne a tsakaninsu, kuma kowannensu na da ƙwallo biyu masu launin zinare a gabansa. A cikin ɗaya an rubuta a raba, a cikin ɗayar an rubuta a sace.

Zagayen ƙarshe ke nan na shirin Golden Balls, wanda tashar ITV ta Birtaniya ta riƙa nunawa daga 2007 zuwa 2009. Idan mutum biyun suka zaɓi rabawa, kowa ya tafi da rabi. Idan ɗaya ya zaɓi rabawa ɗayan ya zaɓi sata, mai satar ya kwashe duka. Idan kuwa duk suka zaɓi sata, kowa ya koma gida hannu rabbana.

Kafin a zaɓa akan ba su dama su tattauna, kuma a nan ne ake shan rantse-rantse. Kusan kowa cewa yake yi zai raba.

Ban da Nick Corrigan. Shi duban abokin karawarsa ya yi, wani ɗan kasuwa mai suna Ibrahim Hussein, ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa sata zai zaɓa, babu makawa. Abin da yake so shi ne Ibrahim ya zaɓi rabawa, in an tashi daga shirin zai ba shi rabin kuɗin da hannunsa.

Ibrahim ya yi juyin duniya a kan su zaɓi rabawa tare a huta, Nick ko gezau. Ya kawo maganar mahaifinsa, wanda ya ce ya koya masa cewa namiji ba ya saɓa alƙawari. Da abin ya ishe shi har wawa ya kira Nick. Daga ƙarshe ya haƙura, ya ɗauki ƙwallon rabawa rai a ɓace. Da aka buɗe ta Nick, ita ma rabawa ce. Kowa ya samu fam 6,800.

Dabarar Nick ita ce toshe wa Ibrahim ƙofar kwaɗayi. Muddin ya yarda cewa Nick sata zai zaɓa, to shi ma ya zaɓi sata ba zai samu ko sisi ba. Rabawa ce kaɗai ta bar masa ɗan fata.

Bayan wasu shekaru, shirin rediyon Amurka mai suna Radiolab ya nemo Ibrahim, ya tambaye shi abin da ya yi niyya tun farko. Bai ɓoye ba, ya ce sata ya zo yi. Maganar mahaifin ma ya ce a wani fim ya tsince ta, domin bai taɓa sanin mahaifinsa ba. Ashe wanda ya ce zai yi sata shi ne mai niyyar rabawa, mai wa'azin cika alƙawari kuma shi ya ɗaura ɗamarar cin amana. Duk su biyun ƙarya suka yi, sai dai ta Nick ce ta ciyar da mutum biyu.

Ba kowa ne ya yi irin wannan sa'a ba. A wani zagayen da fam 100,150 ke kan tebur, wata matashiya mai suna Sarah da wani mai suna Steve sun yi wa juna alƙawarin rabawa. Steve ya cika nasa, Sarah ta kwashe duka. Har yau ana yawo da bidiyon a YouTube, kuma abin da ke tsaya wa mai kallo a rai shi ne yadda Steve ya kifa kai a kan tebur.

Masana tattalin arziki uku, cikinsu har da Richard Thaler wanda daga baya ya samu lambar yabo ta Nobel a 2017, sun bi shirye-shiryen Golden Balls ɗaya bayan ɗaya. Binciken da suka wallafa a 2012 ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu gasar rabawa suka zaɓa, kuma waɗanda suka furta alƙawari ƙarara sun fi cikawa a kan masu kewaye-kewaye.

Kiran waya da tarin da ya kai mutum kotu

Masu kallo a Najeriya ba baƙi ba ne ga shirin Who Wants to Be a Millionaire, wanda Frank Edoho ya gabatar daga 2004 zuwa 2017, kuma a cikinsa ne Aroma Ufodike ya ci naira miliyan 10 a 2009. Asalin shirin daga Birtaniya yake, inda aka fara shi a 1998.

A reshensa na Amurka, a watan Nuwamban 1999, wani ma'aikacin hukumar haraji mai suna John Carpenter ya kai tambaya ta 15 ba tare da ya taɓa ko ɗaya daga cikin damarmakin neman taimako uku ba. Tambayar ita ce wane shugaban Amurka ne ya taɓa fitowa a shirin barkwanci na Laugh-In. Sai ya ce a kira masa mahaifinsa. Da aka haɗa su, ya ce masa ba taimako yake nema ba, so yake kawai ya sanar da shi cewa zai ci dala miliyan ɗaya. Ya zaɓi Richard Nixon, ya kuma ci. Wasu sun kira abin girman kai. Amma wanda ya san amsa, ya kuma so mahaifinsa ya fara jin albishir, da wuya a ga laifinsa.

Labarin Manjo Charles Ingram na sojan Birtaniya daban ne. A watan Satumban 2001 ya zauna a kujerar, kuma tun kafin ya wuce fam 4,000 ya ƙarar da damarmaki biyu. Washegari sai ya koma wani mutum daban: ya karanto zaɓin amsoshi da ƙarfi, ya karkata ga wata, ya sauya, a haka har ya kai fam miliyan ɗaya. Ma'aikatan shirin suka koma kan faifan, suka lura cewa wani malamin kwaleji da ke jiran layi, Tecwen Whittock, yakan yi tari idan Ingram ya ambaci amsar da ke daidai.

Aka hana shi kuɗin. A 2003 wata kotu a Landan ta samu Ingram da matarsa Diana da Whittock da laifin yaudara, ta yanke musu ɗaurin talala. Aikin sojan ma ya rasa shi. Har yanzu yana cewa bai yi maguɗi ba.

Karɓar kaye

A shirin kacici-kacici na Jeopardy! da ke Amurka kuwa, abin da aka fi tunawa shi ne yadda gwanaye ke faɗuwa. James Holzhauer ya yi nasara sau 32 a jere a 2019, ya tara sama da dala miliyan 2.4, saura kaɗan ya kamo tarihin da Ken Jennings ya kafa a 2004. Wata ma'aikaciyar laburare daga Chicago, Emma Boettcher, ta kayar da shi. Nan take ya bar wurin tsayuwarsa, ya je ya tafa da ita.

A shekarar ce mai gabatar da shirin, Alex Trebek, ya sanar cewa yana fama da cutar kansa. A watan Nuwamba wani ɗalibi mai suna Dhruv Gaur, da ya ga bai san amsar ƙarshe ba, sai ya rubuta wa Trebek cewa suna ƙaunarsa. Ya sa dala 1,995 cikin 2,000 da yake da su, ya tashi da dala 5. Muryar Trebek ta karye yayin da yake karanta saƙon. Ya rasu a Nuwamban 2020.

Kafin nan, a 2016, an yi wata mai suna Cindy Stowell daga jihar Texas, 'yar shekara 41. Ta tsallake gwajin shiga gasar, sai ta shaida wa masu shirin cewa likitoci sun ce kansar hanjin da take fama da ita ba za ta bar ta ta wuce kamar wata shida ba, ta tambaya ko za a iya gaggauta kiran ta. Aka gaggauta. Trebek da 'yan tsirarun ma'aikata ne kawai suka san halin da take ciki. Waɗanda ta kara da su ba su sani ba, saboda haka babu wanda ya sassauta mata.

Tana shan maganin rage raɗaɗi ta yi nasara sau shida a jere, ta ci sama da dala 103,000, ta kuma bayar da kuɗin domin binciken cutar kansa. Masu shirin sun aika mata faifan wasanninta uku na farko ta kalla a asibiti. Ta rasu ranar 5 ga Disamba, kwana takwas kafin a fara nuna su a talabijin.