Kwamfuta ta karɓi gadin dare a gonakin kiranberi

Kiranberi jan ɗan itace ne ƙarami, mai tsami kamar zoɓo, wanda shukarsa ke yaɗo a ƙasa mai yashi da dausayi a arewacin Amurka da Kanada. Jihar Wisconsin kaɗai ke fitar da kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da Amurka ke nomawa. Bayanta sai Massachusetts, inda Henry Hall ya fara nomansa a yankin Cape Cod wajen 1816. A Kanada kuwa lardin Quebec ne kan gaba. Wanda ya taɓa ganin hoton gonar, galibi na girbi ya gani: an cika ta da ruwa, an kaɗe 'ya'yan, sun taso sama saboda gurabun iska da ke cikinsu. To amma abin da ke hana manomin barci shi ne sanyin dare.

Gonakin a kwari suke, iska mai sanyi kuma kwari take gangarawa. Ma'aunin zafi a ƙofar gida na iya nuna lafiya lau, alhali toho yana can ƙasa yana daskarewa. Maganin abin ruwa ne. Ana kunna injin yayyafi, ruwan ya riƙa zama ƙanƙara a jikin shukar, yana sakin ɗan ɗumin da ke kare ta. A da manomi kan kwana yana zagaye da tocila yana duba ma'auni. Yanzu na'urori ake kafawa a cikin gonar, su aika da alƙaluma zuwa waya, injin ya tashi da kansa idan sanyi ya kai wani mataki, ya mutu idan ya sassauta. Mai da ruwa duk suna raguwa.

Sai dai wa zai gaya wa injin matakin? Juriyar toho raguwa take yi yayin da yake buɗewa, ta 'ya'yan kuma ƙaruwa take da kaka yayin da suke ƙara ja, kowane iri kuma da nasa hali. Wanda ya bar manhaja a kan lambar makon jiya na iya kashe amfanin shekara cikin dare ɗaya. A nan, a ganina, wata sana'a ta samo asali: ana neman mutumin da ya iya kwamfuta, ya kuma san toho da ido. Gwanin manhajar da ke ƙyamar sa takalmin roba ya shiga taɓo ba zai yi ƙarko ba.

Yawancin gonakin na iyali ne, ba su da ƙarfin ɗaukar mai nazarin alƙaluma na dindindin, shi ya sa guraben wannan aiki suka taru a wasu wurare. Akwai kamfanonin da ke sayar da na'urorin, irin su Hortau na Quebec, wanda ya tsiro daga binciken Jami'ar Laval kan auna danshin ƙasa. Binciken ya nuna cewa shukar da kowa ke ɗauka 'yar ruwa ce, yawan ban-ruwa rage mata yabanya yake yi. Akwai kuma tashoshin bincike, kamar ta Jami'ar Massachusetts da ke East Wareham tun 1910.

Binciken Jami'ar Rutgers a New Jersey ya fi jan hankalina. Manoma sun daɗe da wani lissafi: a ƙirga 'ya'yan da ke cikin ƙafa ɗaya murabba'i, adadinsu kusan shi ne yawan gangar da eka za ta bayar, kowace ganga kimanin kilo 45. Aiki ne na durƙuso, kuma 'yan wurare kaɗan ake iya ƙirgawa. Masu binciken sun tura jirgi maras matuƙi ya ɗauki hotuna, suka koya wa ƙirƙirarriyar basira ƙirga 'ya'yan, har da gano waɗanda ke fili, da rana za ta iya ƙonawa. Kafin manhajar ta koya, sai da mutane suka zauna suka yi wa 'ya'yan alama ɗaya bayan ɗaya a cikin hotunan.

Sauran aikin yana wajen masu saye. Ocean Spray, ƙungiyar gamayyar manoma da aka kafa a 1930, tana da iyalai kusan 700. Kowace motar da ta sauke kaya ana ɗibar samfuri a auna launi da yawan ruɓaɓɓu, kuma sakamakon na shafar kuɗin da manomi zai karɓa. Dole a samu masu kula da rumbun bayanan, da kyamarorin tantance 'ya'ya, da rajistar magungunan da aka fesa, wadda ake dubawa kafin a karɓi kayan manomi.